Tsofaffin Finafinan Gida Sun Tono Bikin Duniya Na 1939 A New York

Daga Wakilinmu Na Arewa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. A 'yan kwanakin nan na zauna na kalli waɗansu tsofaffin finafinai da aka ɗauka a birnin New York na ƙasar Amurka cikin shekarar 1939 da ta 1940, lokacin da aka yi wani gagarumin bikin baje-kolin duniya a can. Finafinan nan ba kamfanin silima ya yi su ba, ba kuwa gwamnati ba. Mutanen gari ne suka sayi ƙaramar kyamara don sha'awa, suka ɗauki iyalinsu da titunan garinsu da abin da suka gani a wurin bikin, sa'an nan suka jefa a akwati suka ajiye.

Babu magana a cikinsu, babu kiɗa. Wani wurin hoton yana rawa saboda hannun mai ɗauka, wani wurin kuma hasken rana ya yi yawa har fuska ta ɓace. Amma fa da yawansu masu launi ne, launin kuwa yana nan raɗau sai ka ce jiya aka ɗauka. Ga mata da huluna da jajayen riguna, ga maza cikin kwat duk da zafin rana, ga yara suna tsalle a gaban kyamara suna ɗaga hannu.

Abin da ya sanyaya mini jiki shi ne, mutanen nan sun biya kuɗinsu ne don a nuna musu yadda gobe za ta kasance, ni kuwa mai kallo na riga na san abin da goben ta zo da shi. Wata huɗu kacal bayan buɗe bikin sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, watau wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila. An rushe gine-ginen bikin kusan duka, kuma galibin waɗanda suka halarta sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage da za a gan su a ciki suna tafiya suna dariya shi ne waɗannan finafinai da a zamaninsu ba wanda ya ɗauke su da wani muhimmanci.

JUJI YA ZAMA BIRNI

Mai karatu wanda ya taɓa shiga baje-kolin Ikko ko na Kaduna ya san kamannin abin, sai dai wannan na New York ya fi ƙarfin kwatance. Filin da aka yi shi, mai suna Flushing Meadows a yankin Queens, ya kai eka 1,216. A dā fadama ce da aka mayar juji, inda ake zubar da toka da sharar birni har ta zama duwatsu. Aka baje jujin nan, aka cike fadamar, aka haƙa tafkuna, aka dasa itatuwa, aka yi tituna.

Dalilin yin bikin kuwa kasuwa ce. Tun shekarar 1929 tattalin arzikin Amurka ya karye, bankuna suka rufe, masana'antu suka sallami ma'aikata, har a 1939 ma akwai mutum fiye da miliyan 9 da ba su da aikin yi. Sai manyan 'yan kasuwar New York suka ga ya kamata a yi wani abu da zai jawo baƙi da kuɗi cikin birnin, ya kuma farfaɗo wa mutane da zuciya. Suka naɗa wani mai suna Grover Whalen shugaban shirin, suka ba bikin take, watau “Duniyar Gobe”.

Ran 30 ga Afrilu 1939 Shugaba Franklin Roosevelt ya buɗe bikin, ranar da George Washington ya cika shekara 150 da rantsuwar zama shugaban Amurka na farko. Ƙasashe wajen 60 suka shiga, kowace da rumfarta. In an ce rumfa kada a zaci ta kara ce ko ta kwano, manya-manyan gine-gine ne, wasu ma sun fi fadar sarki girma. Kuɗin shiga santi 75, watau kashi uku cikin huɗu na dala. An yi bikin zango biyu, na 1939 da na 1940, aka rufe ran 27 ga Oktoba 1940, bayan an ƙirga shigar mutum fiye da miliyan 44.

A tsakiyar filin akwai abu biyu farare fat waɗanda kusan duk mai kyamara sai ya fara da su. Ɗaya hasumiya ce mai tsini kamar mashi, tsawonta ƙafa 610, ana ce da ita Trylon. Ɗayan kuma ƙaton gini ne mai siffar ƙwallo, faɗinsa ƙafa 180, sunansa Perisphere. A hau matakala mai tafiya da kanta a shiga cikin ƙwallon, a leƙa ƙasa a ga samfurin birnin da aka ce za a zauna a shekarar 2039.

KYAMARA A HANNUN MUTANEN GARI

Yaya aka yi mutanen gari suka sami ikon ɗaukar fim a wancan zamani? Da farko fim sana'ar kamfanoni ce, don na'urorin manya ne, ga tsada, kuma zaren fim ɗin da ake amfani da shi yana kama wuta kamar fetur. A shekarar 1923 sai kamfanin Kodak ya fito da siririn fim mai faɗin milimita 16 wanda ba ya saurin kama wuta, tare da ƙaramar kyamara da majigin nunawa a gida. Kayan gaba ɗaya dala 335 ne, kusan kuɗin ƙaramar mota a lokacin. A 1932 suka ƙara fito da mai milimita 8, wanda ya fi araha. A 1935 kuma aka sami fim mai launi mai suna Kodachrome, wanda waɗansu makaɗa biyu, Leopold Mannes da Leopold Godowsky, suka ƙirƙiro. Tun 1926 ma masu wannan sha'awa suna da ƙungiyarsu a New York, har da mujallarsu.

Aikin yana da ƙa'ida. Kyamarar ba ta da batir, wani ake yi mata kamar agogo, kuma wani ɗaya ba ya kai minti guda sai ta tsaya. Naɗin fim mai tsawon ƙafa 100 minti huɗu kawai yake ɗauka. In ya ƙare sai a aika wa kamfani ya wanke ya dawo da shi, kafin nan mai shi bai san ko ya yi kyau ko ya ɓaci ba. Saboda haka ba a danna kyamara a banza. Duk abin da ka gani a cikin waɗannan finafinai, mai ɗauka ya auna ya ga ya cancanci kuɗinsa.

Ya kamata a faɗi gaskiya, talaka fitik bai iya wannan sha'awa ba. Masu ɗan hali ne suke yi, saboda haka idon masu hali ne muke kallo da shi. Duk da haka titi na kowa ne, kuma kyamara ba ta zaɓen wanda zai gitta ta gabanta.

Kamfanin Kodak shi ma yana da rumfarsa a bikin, inda ake nuna manyan hotuna masu launi, har da lambu da aka shirya musamman don baƙi su ɗauki hoto. Bikin ya zo daidai da lokacin da aka gyara Kodachrome, a 1938, ya zama launinsa ba ya koɗewa da sauri. Shi ya sa finafinan labarai da ake nunawa a gidajen silima na lokacin baƙi da fari ne, na 'yan sha'awa kuwa suka zo mana da launinsu.

ABIN DA AKA CE GOBE ZA TA KAWO

A cikin finafinan za ka ga wani dogon layi ya naɗe wani gini kamar maciji. Rumfar kamfanin motoci na General Motors ke nan, inda aka yi wani abin kallo mai suna Futurama, wanda Norman Bel Geddes ya tsara. Mutum ya zauna a kujera mai tafiya, ta ratsa da shi ta saman samfurin ƙasar Amurka kamar yadda za ta kasance a shekarar 1960, da 'yan ƙananan gidaje wajen 500,000, da motoci 50,000, da manyan hanyoyi masu layi 14. In ya fito sai a manna masa wata alama a ƙirji mai cewa ya ga gobe da idonsa.

A rumfar RCA aka nuna wa jama'a talabijin. Jawabin da Roosevelt ya yi ran buɗewa shi ne karo na farko da shugaban Amurka mai ci ya fito a talabijin, a lokacin kuwa akwatunan da ke birnin duka ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Kamfanin Westinghouse ya kawo mutum-mutumi mai inji, sunansa Elektro, tsawonsa ƙafa 7, yana tafiya, yana magana, yana ƙirga da yatsunsa, har taba yake sha. Su ne kuma suka binne wani bututun ƙarfe ƙafa 50 a ƙarƙashin ƙasa, cike da kayan zamanin da wasiƙu, ciki har da ta masanin nan Albert Einstein, da sharaɗin kada a buɗe sai shekarar 6939. Kamfanin madara na Borden ya kawo shanu 150, ana ɗora su a kan wani dandamali mai juyawa inji yana tatsarsu. Aka nuna safar mata ta nailan, da na'urar sanyaya ɗaki. Masu son wasa kuma ga hasumiyar laima mai ƙafa 250 da ake sako mutum daga samanta, ga wasan ninƙaya da Johnny Weissmuller, wanda ya fito a matsayin Tarzan, yake ciki.

Kamfanonin nan sun yi nasu finafinan na talla. Na Westinghouse, alal misali, labarin wani iyali ne da aka shirya da 'yan wasa, kowa tsaf-tsaf, kowa yana yabon inji da lantarki. To a nan bambancin yake. Fim ɗin kamfani yana nuna maka abin da ake so ka gani. Mai kyamarar sha'awa kuwa yakan juya ya ɗauki waɗanda suka gaji suka zube a benci, da masu cin guzurin da suka zo da shi daga gida don abincin wurin ya yi tsada, da samarin da ke tura baƙi a kujera mai taya don neman na tuwo. Wani ɗan birnin mai suna Philip Medicus ya yi ta komawa filin yana ɗauka da fim mai launi har ya tara na awoyi da dama, tun daga rumfunan ƙasashe da wasan wuta na dare a kan tafki har zuwa sashen nishaɗi inda ake nuna mata da ƙaramar sutura, abin da ba za ka gani a fim ɗin hukumar bikin ba.

BIRNIN DA KE BAYAN BIKIN

Wanda ya zo biki daga nesa ba ya komawa sai ya zaga gari, saboda haka naɗin fim ɗaya yakan haɗa bikin da birnin kansa. New York na lokacin tana da mutum kusan miliyan bakwai da rabi, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasu a wata ƙasa aka haife su: Italiya, Rasha, Polan, Jamus, Ailan da sauransu. Ga kuma baƙar fata da suka baro jihohin kudancin Amurka suka taru a unguwar Harlem don neman aiki. Birnin baƙi ne, kowa da harshensa da abincinsa da unguwarsa, abin da mazaunin Agege ko Sabo ta Ibadan ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kai.

Kusan kowane mai kyamara yakan ɗaga ta sama ya ɗauki benen Empire State mai hawa 102, wanda aka gama a 1931. Benen yana nan har yau, don haka wannan hoton bai ƙara wa kowa sani ba. Abin da masana tarihi ke nema a yanzu shi ne abin da ya shiga hoton ba da niyya ba: allunan shaguna da farashin kaya, masu tallar 'ya'yan itace a amalanke, yara masu sayar da jarida, irin takalmin da leburori ke sawa, da jiragen ƙasa masu bi ta kan gadojin ƙarfe a saman tituna. Waɗannan gadoji an fara cire su tun 1939, na ƙarshe a tsakiyar Manhattan ya daina aiki a 1955. Babbar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania, inda dubban baƙin bikin suka sauka, an fara rushe ta a 1963. A bakin ruwa kuma ana ganin jirgin Normandie na Faransa, wanda ya iso New York a ƙarshen Agusta 1939, yaƙi ya hana shi komawa, ya zauna a nan har gobara ta cinye shi a Fabrairu 1942.

YAƘI YA SHIGO FILIN BIKI

In ka bi finafinan a hankali za ka ga yaƙin yana shigowa ta rumfunan ƙasashe. Jamus ba ta shiga bikin ba tun farko. Cekoslobakiya ta fara gina tata rumfar, sai sojan Hitila suka mamaye ƙasar ran 15 ga Maris 1939. Aka buɗe rumfar duk da haka, da gudummawar 'yan ƙasar mazauna Amurka, rumfa ga ta amma ƙasar da ta aiko ta ba ta da 'yanci. Ran 1 ga Satumba 1939 Jamus ta auka wa Polan. Mutum-mutumin Sarki Jagiello a kan doki, wanda aka kafa a ƙofar rumfar Polan, bai sami hanyar komawa gida ba, yana nan a lambun Central Park har yanzu.

Rasha ta gina ɗaya daga cikin manyan rumfuna, da mutum-mutumin ma'aikaci riƙe da jan tauraro a kan doguwar hasumiya. A finafinan 1939 za ka gan ta, a na 1940 babu ita, an kwance ta an kwashe bayan Rasha ta ƙulla yarjejeniya da Hitila ta kuma kai wa Finlan yaƙi. Da wannan ma ake gane shekarar da aka ɗauki fim in ba a rubuta ba. Ingila ta kawo tsohuwar takardar Magna Carta ta shekarar 1215, kuma Sarki George na Shida da kansa ya ziyarci bikin a Yuni 1939. Takardar ita ma a Amurka ta zauna har yaƙi ya ƙare. Ran 4 ga Yuli 1940 aka tsinci bom a cikin jaka a rumfar Ingila, 'yan sanda suka fitar da shi waje, ya tashi ya kashe biyu daga cikinsu, ba a kuwa kama wanda ya ajiye shi ba. Ma'aikatan gidan abincin rumfar Faransa da dama sun zo aikin 'yan watanni ne, ƙasarsu ta faɗa hannun Jamus a Yuni 1940, suka zama mazauna New York, har shugabansu Henri Soulé ya buɗe nasa gidan abinci a 1941.

A zango na biyu aka canja taken bikin ya koma na zaman lafiya da 'yanci, aka rage kuɗin shiga zuwa santi 50. Duk da haka kasuwa ba ta biya ba, waɗanda suka ba da rance suka yi hasara. Da aka rufe, aka rushe hasumiyar nan da ƙwallon, ƙarfensu ya tafi aikin yaƙi.

WAƊANDA BA A SA SU A GOBEN BA

Akwai kuma waɗanda tun farko ba a yi goben da su ba. Hukumar bikin ba ta ɗaukar baƙar fata sai a aikin shara da dako. Wani malamin coci na Harlem, Adam Clayton Powell ƙarami, ya jagoranci mutanensa suka yi ta zanga-zanga a ƙofar ofishin hukumar da ke benen Empire State, har aka ƙara ɗaukar waɗansu ɗaruruwa.

Wata baƙar fata gwanar sassaƙa, Augusta Savage, ita aka ba aikin yin wani mutum-mutumi mai tsawon ƙafa 16. Ta yi mawaƙa 12 a tsaye a jere kamar tsirkiyoyin abin kiɗa, a kan wani ƙaton hannu. Jama'a suka yi ta ɗaukar hotonsa. Amma da filasta aka yi shi, ba ta da kuɗin zuba shi da tagulla, ba ta da wurin ajiye shi. Da aka tashi daga biki sai katafila ta bi ta kansa tare da sauran gine-gine. Yau in kana son ganinsa sai a hoto da 'yan ƙananan samfura da baƙi suka saya.

Goben da Futurama ta yi alkawari kuwa ta zo, amma da kuɗinta. A 1956 Amurka ta yi dokar gina manyan hanyoyi a faɗin ƙasar. A New York, Robert Moses, wanda shi ne ya mayar da jujin nan filin biki, ya ratsa unguwar Bronx da irin wannan hanya, aka tashi dubban iyalai daga gidajensu. Samfurin da aka nuna a 1939 bai nuna inda waɗannan mutane za su koma ba.

MINTI UKU NA WANI BAƘO

Misalin da ya fi nuna darajar irin wannan fim ya fito ne daga hannun wani mazaunin New York ɗin, ko da yake ba a wurin bikin ya ɗauka ba. Bayahude ne da aka kawo shi Amurka daga Polan tun yana yaro, ya yi arziki, a Agusta 1938 ya tafi yawon Turai da kyamararsa, ya biya ta wani ƙaramin gari a Polan mai suna Nasielsk. Ya ɗauki minti uku kawai: yara suna turereniya a gaban kyamara, mutane suna fitowa daga wurin ibada. Garin yana da Yahudawa wajen 3,000. A Disamba 1939 Jamusawa suka kwashe su, waɗanda suka tsira da rai ba su kai 100 ba.

Jikan mutumin ya tsinci fim ɗin a 2009 cikin kabad a gidan iyayensa a jihar Florida, ya riga ya fara lalacewa. Gidan tarihi ya gyara shi aka sa a intanet. Sai wata mata ta ga wani yaro ɗan shekara 13 a ciki ta ce wannan kakanta ne, yana nan da rai. Tsohon ya kalla, ya shiga faɗin sunayen waɗanda ke cikin hoton ɗaya bayan ɗaya. Da an ƙara 'yan shekaru, da fim ɗin ya narke, da kuma babu sauran mai faɗin sunayen.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

An daɗe ana zubar da irin waɗannan finafinai a shara in mai su ya mutu. Zafi da danshi suna cin su, fim ya fara warin tsami, ya kanannaɗe, ya farfashe. A 1984 aka haɗa wani fim na tarihin bikin wanda ya dogara ƙwarai a kan finafinan gida, mutane suka fara gane amfaninsu. Wani Ba'amurke mai suna Rick Prelinger ya shiga tara finafinan da kowa ya raina tun farkon shekarun 1980, har ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya karɓi tarinsa a 2002. Na Medicus suna cikin waɗanda ya sa a ma'ajiyar Internet Archive, inda kowa zai iya kallo kyauta. Yakan kuma haɗa tsofaffin finafinan birni ya nuna a zaure ba tare da sauti ba, 'yan kallo su riƙa ɗaga murya suna faɗin sunan titi ko shago ko mutum in sun gane. Tun 2003 akwai rana guda a shekara da mutane a ƙasashe da dama ke fito da finafinan gidajensu a duba musu a kalla tare. Kodachrome kansa an daina yin sa a 2009.

Daga filin bikin kuwa kaɗan ya rage. Ginin birnin New York ya zama zauren Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1946 zuwa 1950, a cikinsa aka yi ƙuri'ar raba ƙasar Falasɗinu ran 29 ga Nuwamba 1947, yanzu gidan tarihi ne. Hasumiyar laima an kai ta bakin teku a Coney Island. An sake yin wani bikin a filin a 1964 da 1965. Bututun nan yana ƙasa yana jiran 6939.

To jama'a, mu da muke zaune a manyan birane nesa da gida, yau kowa da kyamara a aljihunsa, wadda ta fi ta Medicus nesa ba kusa ba. Muna ɗaukar suna da biki da hawan salla, amma waya ta faɗa ruwa ko a sace ta, shi ke nan. Kasuwar da kake ciki yau ana iya tashinta gobe, unguwar da ka yi shekara ashirin a cikinta ana iya ratsa ta da titi. Ka ɗauki layinku da rumfarku da maƙwabtanka a ranar da ba biki, ka ajiye a wuri fiye da ɗaya, ka wanke waɗansu a takarda. Tsofaffin hotunan da ke ƙasan akwatin mahaifinka kuma, ka zauna da dattijon da ya san mutanen ciki tun yana da rai, ka rubuta suna da gari da shekara a bayan kowane ɗaya. Gobe ta Allah ce. Allah ya sa mu dace, amin.